Gona ko jami'a?

Ƴan uwa manoma na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ga tambaya: yaro ya ci bak, shin daidai ne uba ya saida gona don karatunsa?

A fara da lissafi. Tun 2010 akwai jami'ar gwamnati a Maraɗi, ba dole sai Yamai ba. Hukumar ANAB ke ba da bursu, amma ba kowa ke samu ba. A haɗa kuɗin rajista, haya, abinci da mota, a cire bursu. Abin da ya rage shi ne nauyin gida.

Gona kuwa amana ce, ƙannen yaron ma suna da haƙƙi a cikinta. A saida akuya ko gyaɗa, dangi su taimaka. Kada ilimin mutum ɗaya ya zama yunwar gida duka.