Wa ya gaji gurumi?

Da muka kafa ƙungiyar kiɗan gargajiya a makarantarmu ta Gure, ba rashin kuɗi ne ya fara tare mu ba. Wani uba ne ya zo ya janye ɗansa, ya ce gidansu ba su gaji roƙo ba. Na ji haushi a ranar. Daga baya na gane tambaya ce ya ajiye mini.

A ƙasar Muniyo, kamar a Damagaram, algaita da ganga suna da gidajensu. Maroƙi ya gaji kiɗa, ya gaji rainin da ke biye da shi, da shi kuma yake ciyar da iyali. Mu kuwa kiɗan muke so, mu bar masa rainin. Shin adalci ne ɗan makaranta ya sha tafi a dandali da waƙar da tsoho ya sha gori a kanta?

Sai dai gado shi kaɗai ba ya raya kiɗa. Malam Maman Barka, haifaffen Tasker, malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurumi. A 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi ya koyi biram wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka gwani na ƙarshe cikin Buduma. Da Bukar ya tsaya jiran magaji na jini, da biram ya bi shi kabari.

Saboda haka muka yanke shawara: tsohon da ke koya wa yaranmu gurumi ana biyansa daga asusun ƙungiya, a gaba yake zama, kuma ana ambaton sunansa kafin kowace waƙa. Uban nan dai har yanzu bai maido da ɗansa ba.