Hoton da Aka Ji Kafin a Gani

Kafin a shigar da mutum ɗakin na'urar MRI sai an raba shi da duk wani ƙarfe: makulli, waya, zobe, ɗan kunne, har allurar da mace ta kama mayafinta da ita. A tambaye shi ko an taɓa dasa masa ƙarfe a jiki. Daga nan a kwantar da shi, a toshe masa kunnuwa, gadon ya sulala da shi cikin wani rami mai kama da rijiyar da aka kwantar. Minti ashirin ko fiye yana jin ƙara kamar a maƙera. Idan ya fito aka nuna masa ƙwaƙwalwarsa a allo, fari da baƙi, sai ya girgiza kai ya ce lallai gani ya kori ji.

Alhali kuwa na'urar ba ta ga komai ba. Ba ta da ido, ba ta kuma harba irin hasken da ake ɗaukar hoton karaya da shi. Saurare ta yi.

Fiye da rabin jikin baligi ruwa ne, kowace ƙwayar ruwa kuma tana ɗauke da haidirojin biyu. A cibiyar kowane haidirojin akwai firoton, wanda halinsa halin ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. A zaman yau da kullum kowannensu yana fuskantar inda ya ga dama. Da an shiga na'urar, maganaɗisunta mai ƙarfin tesla 1.5, wato ninkin na duniya kusan sau 30,000, sai ya kama su suna tangaɗi kamar katantanwar da yaro ya murza, kusan sau miliyan 64 a sakan guda. Waɗanda suka bi maganaɗisun sun fi waɗanda suka juya masa baya da kimanin biyar kacal a cikin miliyan, kuma a kan wannan ɗan rinjaye aka gina hoton baki ɗaya. Na'urar sai ta aika musu da igiyar rediyo daidai da saurin tangaɗinsu, ta karkatar da su, ta yi shiru. Suna komawa mazauninsu suna fitar da wani siririn amo, ita kuma tana naɗa.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka auna wannan amo a ruwa da daskararren abu a Amurka a 1946. A 1971 likita Raymond Damadian ya nuna cewa amon ƙari yana daɗewa fiye da na lafiyayyen nama. A 1973 Paul Lauterbur ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisun ya bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, kowane wuri zai yi amo da tasa muryar, lissafi kuma zai mayar da kowace murya inda ta fito. Hotonsa na farko 'yan ƙananan bututu biyu ne na ruwa. Shi da Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila suka raba kyautar Nobel ta 2003.

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana sayen tukunya a kasuwa ya san sirrin sauran aikin. Takan ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne, domin lafiyayya daban take amsawa da mai tsaga. Haka naman jiki yake. Kitse yana komawa daidai cikin kusan rubu'in sakan bayan an karkatar da shi, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kuwa sai ya kai kimanin sakan huɗu. Idan ma'aikaci ya riƙa bugu akai-akai yana saurare nan take, kitse ne zai amsa da ƙarfi ya fito fari, ruwa ya fito baƙi. Wannan shi ake kira T1. Idan ya ba da tazara, ya kuma jinkirta saurare har sauran nama ya yi shiru, amon ruwa ne zai rage, sai ya fito fari fat. Wannan shi ne T2. Kai ɗaya, zama ɗaya, ruwan nan baƙi ne a wannan hoto, fari a wancan.

To wanne ne gaskiya? Duka biyun, domin kowanne amsa ce ga tambayar da aka yi. Baƙi ma a nan ba ya nufin babu. Ɓawon ƙashi mai tauri yana fitowa baƙi ƙirin kamar iska, saboda haidirojin da ke cikinsa kaɗan ne, amonsa kuma yana mutuwa kafin a fara saurare. Ƙashin yana nan daram, harshen da aka yi tambayar da shi ne ba ya ji.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi fama da irin wannan tambaya a littafinsa Munƙizu minal Dalal, inda ya tuhumi ido da misalin inuwa, wadda ake ganinta tsaye alhali tafiya take yi, da tauraro, wanda ake ganinsa ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa. MRI ta ƙara wa wannan tuhuma nauyi, tun da a nan lissafin ne ma ya haifi abin da idon yake kallo.

Maganar ta fi zafi idan aka zo kan ruhi. Tun 1990, lokacin da Seiji Ogawa ya nuna cewa jinin da ya sauke iskar oksijin yana canja amon da ke kusa da shi, ake iya bibiyar ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke aiki. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij suka sa a na'urar wata mace mai shekara 23, wadda hatsarin mota ya bar ta ba magana ba motsi na son rai. Suka ce ta riya a ranta tana buga tanis. Ɓangaren da ke shirya motsi ya amsa kamar yadda yake amsawa a masu lafiya. Wannan sakamako abin girmamawa ne, don ya tilasta wa likitoci sake duba marasa lafiyar da aka ɗauka ba sa jin komai. Amma a 2009 Craig Bennett ya ba da rahoton cewa ya sa mataccen kifi a irin wannan na'ura, ya nuna masa hotunan mutane, ya yi lissafin ba tare da tace kuskure ba da gangan, sai ga ɗigon haske a kan kifin. Ya fitar da wannan sakamako ne don ya ja kunnen masu bincike.

Saboda haka wanda ya ce an leƙa ƙwaƙwalwa lungu-lungu ba a ga ruhi ba, don haka babu shi, ya ɗora wa na'urar shaidar da ba ta bayar ba. Haidirojin aka tambaya, haidirojin ya amsa. Mai wa'azin da ya ɗaga hoto mai launi ya ce ga imani nan yana haskawa, shi ma kuskure ɗaya suka yi, domin abin da aka auna jini ne. Musulmi ya san cewa a Suratul Isra'i, aya ta 85, an yi tambaya kan ruhi aka bar saninsa ga Ubangiji, kuma babu wani abu a kimiyyar wannan na'ura da ya taɓa wannan iyaka, ko ta gaba ko ta baya.

Mai karatu, ranar da likita ya buɗe maka hotonka ko na wani naka, duba gefen allon. Galibi za ka ga an rubuta T1 ko T2 ko FLAIR, da wasu lambobi biyu, TR da TE, waɗanda su ne tazarar bugu da jinkirin saurare. Ka tambaye shi wanne ne wannan, kuma me fari yake nufi a cikinsa.