Shiru a Majalisa: Ladabi ne ko Cin Amana?

Ya ku 'yan makaranta, nan gaba kaɗan waɗansunku za su zama malamai, waɗansu akawu, waɗansu malaman asibiti, kuma duk inda kuka kama aiki za a riƙa kiranku taron shawara. To, ga tambaya: idan babba ya kawo magana a taro, ƙarami kuwa ya san akwai kuskure a ciki, shirunsa ladabi ne ko cin amana?

A ce babban malami a Maruda ya tara malamansa a kan gyaran makaranta kafin damina, ya ce a yi yaɓe kawai. Ƙaramin malami ya san gara ta cinye azara, amma kunya ta hana shi faɗi. Kowa ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," aka watse. Ran da ruwa ya sauko, rufi ya rufta a kan yara, wa ke da alhaki? Lalle wanda ya sani ya yi shiru ba shi kuɓuta.

Mun san an hore mu da girmama na gaba, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma wanda ya kira ka shawara saninka ya ke nema. In ka ɓoye shi, ka bar shi cikin duhu ke nan, kana cewa girmama shi ka ke yi. Ladabi yana ga yadda a ke faɗin magana: a jira lokaci, a sassauta murya, a ce, "Allah ya gafarta malam, ga abin da na gani." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shugaba ma da nasa nauyi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya sauka a Gwandu cikin 1805, ya lissafa ginshiƙan mulki guda 5 a littafinsa Kitabul Farƙi, a cikinsu akwai riƙon shawara da barin tsanani. Ku duba yadda biyun nan su ke tafiya tare, gama inda a ke tsoron tsawa ba mai buɗe baki. Saboda haka shugaba mai hikima ya kan sanar da dalilin taro tun da wuri, ya fara jin ta bakin ƙanana kafin ya faɗi tasa. Sa'an nan ba ya sallamar mutane sai an yanke magana, an ambaci wanda zai yi aikin, da ranar da zai gama, an rubuta. In ba haka ba, an yi taron tsintsiya ba shara.

Wanda ra'ayinsa bai ci ba kuwa, ya riga ya sauke nauyi. Sai ya sa hannu a yi aikin da shi, kada ya koma gindin bishiya yana gunaguni.

Ku fara koyon wannan tun yanzu a taron ajinku. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da ladabi, da haƙurin jinta. Amin.