Ruwan Mutum Biyu, Baki Uku

A watan Afrilu, tsakiyar bazara, na hau duwatsun da ke kewaye da Rumsiki a arewacin Kamaru, ni da wani saurayi daga ajin baftisma. Wanda ya taɓa bin hanyar da ta taso daga Mokolo ya san waɗannan duwatsu na Mandara. Wasu sun tsaya tsaye kamar taɓarya, gama tsoffin maƙogwaron duwatsu masu aman wuta ne da ruwa da iska suka cinye ƙasar gefensu. Mafi shahara a cikinsu ya kai mita 1,224 bisa teku. Mu ba shi muka hau ba. Tudun da ke duban kwarin wajen iyakar Najeriya muka nufa.

Da asuba na cika gorar ruwa lita 2, na ce ta ishe mu. Da muka fito ƙofar gida kuwa sai na yi wa karena fito, ya taso da gudu.

Hawa bai ba mu wuya ba. Saukowa ce ta zama magana. Rana ta take, dutse ya yi zafi har ana jinsa ta cikin takalmi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mu. Da haki yake fitar da zafi, tafin ƙafarsa kuma tsirara yake taka dutse. Sai ya fara ɗingishi, daga baya ya kwanta a gindin wani dutse, harshe waje, ya ƙi tashi. Abin da ya rage a gora bai fi moɗa guda ba, ga tafiyar sa'a biyu a gabanmu.

Da na buɗe gorar, saurayin ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ruwan mutum za ka ba kare?"

Ya ɗan'uwa mai karatu, kada ka yi saurin ganin laifinsa. Maƙoshinsa ya bushe, kuma abin da ya faɗa yana da tushe. Ran mutum ya fi ran dabba. Da a ce yaron ne ya faɗi yana ganin jiri, ruwan nasa ne, ba ni da ta cewa. Ga shi kuma mun tashi muna jin ana zagin mutum da sunan kare, har mun saba ganinsa abin kora da jifa.

Amma ba a nan matsalar take ba. Tambayar da ta dame ni ita ce: wa ya kawo karen nan kan dutse? Yaron na tambaye shi tun jiya, ya yarda, yana kuma da bakin cewa a'a. Kare ba shi da wannan. Ya ji fiton maigidansa ya biyo, bai san nisan hanya ba, bai ga girman gora ba. Ni na auna ruwan, na auna na mutum biyu, sa'an nan na kira baki na uku. Bashin ya hau kaina tun a ƙofar gida, ba a kan dutse ba. In na ce mutum ya fi dabba domin in hana shi, gaskiya na faɗa, amma na faɗe ta ne domin in rufe sakacina. Da ma ruwan ya tafi ga yaron bisa larura, da hakkin karen yana nan a wuyana.

Littafin Tobit ya ambaci kare sau biyu: lokacin da Tobiya ya kama hanyar Midiya, da lokacin komowarsu. Ba a ce ya yi wani abin kirki ba. Dā ina mamakin dalilin ambatonsa. Yanzu abin da nake lura da shi shi ne, an fita da shi, an kuma komo da shi.

Na raba ruwan biyu. Rabi na miƙa wa yaron, rabi na zuba a tafin hannuna kare ya lashe. Ni ban sha ba, ba don tsarki ba, sai don ni ne mai laifin. Muka zauna a inuwa har rana ta karkata, dutse ya huce, sa'an nan muka gangara a hankali. Wata tsohuwa Bakafsikiya a gidan farko ta ba mu ruwa a ƙwarya, ta kuma zuba wa karen a kasko ba tare da an roƙe ta ba.

Saurayin bai yarda da ni ba har yau. Ya ce da na sha rabona, domin in na faɗi a hanya shi ne zai ɗauke ni. Wannan kam ban sami amsar da zan ba shi ba tukuna.