Allon Tsohuwar Kwamfuta: Gyara da Asali

Allon tsofaffin na'urorin aiki da babbar kwamfuta, irin su ADM-3A ta kamfanin Lear Siegler na Amurka, wadda ta fito a 1976, yakan lalace ta hanya biyu. Ta farko ita ce ruɓewar gam ɗin PVA da ke manne gilashin kariya da fuskar kwalbar hoto. Gam ɗin yakan fara saki daga gefe, ya yi dabbare-dabbare kamar yanar ido. Mai gyara yakan zura siririyar waya mai zafi tsakanin gilasan, ya raba su sannu a hankali, ya kankare gam ɗin. Aikin yana da haɗari, domin babu iska a cikin kwalbar, tana iya tarwatsewa.

Ta biyu ita ce ƙuna: rubutun da ya shekara yana haskawa a wuri guda yakan cinye sinadarin fosfo, inuwarsa ta zauna ko an kashe na'urar. Wannan ba ta da magani sai sauya kwalba.

A nan tambayar falsafa take tasowa, irin wadda Plutarch ya kawo game da jirgin ruwan Theseus da aka riƙa sauya wa katako: shin abin da aka sauya wa sassa shi ne na asali? Amsar ta danganta da irin lahanin. Ruɓaɓɓen gam tsufa ne kawai, cire shi ba ya rage komai. Ƙuna kuwa shaida ce ta aikin da na'urar ta yi a banki ko jami'a, don haka ya dace a adana tsohuwar kwalbar kusa da na'urar, a rubuta ranar da aka cire ta.