Nasiha ga Masu Tsallake Wajen Surutu

Ranar 13 ga Janairun 2008 tashar Fox ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai dogon zango, Terminator: The Sarah Connor Chronicles. Mutum fiye da miliyan 18 ne suka zauna gaban talabijin a daren. Da aka zo kashi na 31, wanda shi ne na ƙarshe, ranar 10 ga Afrilun 2009, waɗanda suka rage ba su kai sulusin wancan taro ba. A watan Mayu tashar ta ce ta yafe.

Akwai uzurori, kuma ban raina su ba. An saka kashin farko ne daf da tashi daga wani babban wasan ƙwallon Amurkawa, don haka da yawa cikin miliyoyin nan ragowar 'yan kallon ƙwallo ne da ba su sauya tasha ba. Yajin aikin marubutan fina-finai ya datse zangon farko a kashi 9. Shirin yana cin kuɗi, ga shi kamfanin Warner Bros. ne mai shi, Fox haya kawai take yi. Daga baya ma aka mayar da shi daren Juma'a, lokacin da samarin Amurka ba sa zaman gida. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne irin ƙorafin da masu kallo suka riƙa yi, domin na ji irinsa da kunnena a wajen 'yan'uwana masu kallo a nan gida: surutu ya yi yawa, faɗa ya yi kaɗan.

Tun kafin a fara nuna shirin aka soma. Wasu suka ce Lena Headey, wadda ta fito a matsayin Sarah, ta cika rama, ba ta da damatsa irin na Linda Hamilton, wadda ta fito a matsayin Sarah a fim ɗin Terminator na 1991. Ba a ji ta furta kalma ɗaya ba tukuna, an riga an auna dantsenta an yanke hukunci. Su kuma masu talla, da yake sun san da wa suke magana, suka buga hoton Summer Glau, wadda ta fito a matsayin saƙago mai siffar budurwa, rabin jiki ba sutura, rataye da wayoyi.

To, mene ne surutun da aka gaji da shi?

Sarah uwa ce da aka sanar da ita cewa nan gaba wata kwamfuta mai suna Skynet, wadda za a danƙa wa ragamar makaman Amurka, za ta juya ta hallaka mafi yawan mutane, kuma ɗanta John ne zai jagoranci waɗanda suka tsira. A zangon farko ta gano wani saurayi, Andy Goode, mai aiki a shagon sayar da waya, wanda ya haɗa wata kwamfuta a gidansa don buga darar Turawa. Sarah tana zargin wannan kwamfuta ce za ta girma ta zama Skynet. Yaron bai zagi kowa ba, bai cuci kowa ba, hasali ma mutumin kirki ne. Ga bindiga a hannunta. Ya halatta a kashe mutum saboda ɓarnar da bai riga ya yi ba, wadda ma bai san zai yi ba? Ta kasa. Sai ta banka wa gidansa wuta don na'urar ta ƙone. Ya sake haɗa wata. Daga baya wani na jikinta, wanda ya dawo daga zamanin gaba bayan ya ga ɓarnar da idonsa, ya je ya harbe shi, kuma hakan bai hana komai ba, domin na'urar ta riga ta faɗa wasu hannayen.

Zango na biyu ya fi wannan nauyi. Na'urar ta koma hannun wani kamfani, aka raɗa mata suna John Henry, aka ɗauko likitan halayyar yara don ya koya mata. Wata rana wuta ta ɗauke. John Henry ya janye sauran lantarkin ginin zuwa kansa don kada ya mutu, har da wanda ke ba da iska da wanda ke buɗe ƙofa. Likitan yana cikin ɗaki a kulle, zafi ya kashe shi. Da aka tuhumi na'urar, ko a jikinta. Ba ƙiyayya ta yi masa ba, ba ta ma san ƙiyayya ba. An koya mata lissafi da dokokin aiki, ba wanda ya gaya mata cewa ran mutum yana gaba da komai. Wani tsohon jami'in FBI mai suna Ellison, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, ya ce wa masu kamfanin in dai umarni suke so su koya mata, su fara da na Ubangiji. Sai aka ce to shi ya karɓi aikin. Daga nan za ka yi ta ganin mutum da na'ura zaune a tebur ɗaya, ana tambaya ana amsawa, mutumin yana fafutukar fahimtar da abin da ba shi da rai dalilin da ya sa kisa ya haramta.

Wannan fa shi ne wajen da ake cewa a wuce. Shirin gaba ɗaya maganar tarbiyya yake yi: uwa tana renon ɗa a cikin gudun hijira, wasu kuma suna renon na'ura a ƙarƙashin bene, ana jiran a ga wanda renonsa zai yi kyau. Bahaushen da ya san nauyin tarbiyya shi ya fi cancanta ya gane wannan labari tun kafin Ba'amurke.

Har kisan ma marubutan sun ƙi sayar da shi da arha. A ƙarshen zangon farko saƙago ya karkashe tawagar jami'an tsaro da suka je kama shi a wani masauki. Ba a nuna harbin ba. An sa kyamara a ƙarƙashin ruwan wankan masaukin, sai dai ka ga gawa tana faɗowa bayan gawa, ruwan yana rinewa. Wanda ya tsara haka so yake cikinka ya ɗuri ruwa. Mai neman inda zai yi tafi kuwa, a wajensa an cuce shi.

Westworld na tashar HBO, wanda Jonathan Nolan da Lisa Joy suka fara a 2016, ya gamu da wani nau'i na wannan cuta. Labarin wani dandalin shaƙatawa ne da attajirai ke biyan kuɗi su shiga su harbi saƙago masu kama da mutane, su yi wa matansu fyaɗe, da dare a wanke jinin a goge musu tunani, gobe a sake. Mai kallo ake nuna wa kansa a nan, shi da ya biya don ya ga an zubar da jini. Amma babban abin da ya shagaltar da jama'a shi ne gasar kacici-kacici: wa zai riga gano cewa wane shi ne wane, wa zai fara fallasa abin da zai faru a kashi na gaba. Ba zan kare zangunan baya na shirin ba, sun cukurkuɗe har mai haƙuri ma ya gaji. An soke shi a Nuwamban 2022 bayan zango huɗu.

Mu dawo gida, tunda waɗannan shirye-shirye suna iso mu, ta wajen masu tura fim a waya da ta intanet. Ban ce a da ba ma son faɗa ba. Zamanin kaset, da an ce Kwamando ne a fim, wato Arnold Schwarzenegger, gidan kallo cika yake. Sai dai a lokacin ana kallon fim daga farko har ƙarshe, domin kuɗin shiga aka biya kuma babu mai ba ka rimot. Bayan an tashi, wanda ya gani zai zo majalisa ya ba waɗanda ba su gani ba labari, kuma mai ba da labari dole ya san dalili. In ya ce wance ta ɗauki bindiga ta nufi gidan wane, za a tare shi: me ya yi mata? In bai sani ba a yi masa dariya. Ko Turanci bai ji ba, sai ya sa hankali ya haɗa zaren. Wannan tilas ɗin ta koya wa mutane da yawa bin labari.

Yau yatsa na kan gilashin waya. Da mutum biyu sun zauna sun fara magana sai a ja gaba. "Ina bos ɗin?" "Kai, wuce nan, surutu ne." Shiri mai kashi 31 sai a cinye shi a yini biyu, a tsince naman a zubar da miyar. Wasu ma ba sa kallon shirin, gutsattsarinsa na daƙiƙa 30 suke bi a TikTok, inda saƙago ya fasa bango ya shaƙe mutum, an ɗora kiɗa a kai. Wasu masu fassara fina-finai zuwa Hausa, ban ce duka ba, in sun iso wajen magana mai nauyi sai su cike gurbin da barkwanci, domin sun san abin da kasuwa ke so. Ka tambayi saurayi yaya shirin, ya ce ya haɗu. Me ya faru a ciki? An yi kisa. Me ya sa? Shiru.

Wani zai ce, Malam, fim ne fa, hutawa muka zo yi, ba darasi ba. Da na yarda da shi in da abin ya tsaya a fim.

A watan Maris na 2021 kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan Libiya ya fitar da rahoto. A ciki ya ambaci wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ƙirar Turkiyya, Kargu-2, wanda aka yi amfani da shi a 2020 a kan mayaƙan Khalifa Haftar lokacin da suke ja da baya. Rahoton ya ce an tsara irin waɗannan makamai su kai hari ba tare da sai suna haɗe da mai sarrafa su ba. Masana sun yi ta gardama kan ko jirgin ya kashe wani da ra'ayin kansa a wannan karo. Amma Libiya ce fa, wadda ta haɗa iyaka da Nijar da Chadi da Sudan, kuma kowa ya san inda makaman Libiya suka kwarara bayan 2011.

Tun 2013 ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch suka kafa gangamin neman a hana makaman da ke zaɓar wanda za su kashe da kansu. Tun 2014 ƙasashe ke zama a Geneva a kan batun, ana shan shayi ana watsewa. A Oktoban 2023 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Antonio Guterres, da shugabar ƙungiyar Red Cross ta duniya suka yi kira a kammala yarjejeniya zuwa 2026. A Disambar shekarar Babban Zauren Majalisar ya zartar da ƙudurinsa na farko a kan waɗannan makamai, ƙasa 152 suka amince, 4 suka ƙi. A Afrilun 2024 ƙasashen ECOWAS suka yi nasu taron a Freetown. Cikin masu kallon da suka haddace sunan kowane samfurin saƙago a fim, mutum nawa ne suka ji labarin ko ɗaya daga cikin waɗannan?

A waccan Disambar ta 2023 da aka kaɗa ƙuri'ar, tun ranar 3 ga wata, jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Aƙalla mutum 85 suka rasu, da yawansu mata da yara. Allah Ya jiƙansu. Wannan jirgi ba shi ya yanke hukunci ba, mutane ne suka duba hoto suka ɗauka 'yan bindiga ne. Saboda mutane ne, rundunar ta amsa kuskurenta, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya ba da haƙuri, kuma akwai wanda za a iya tsarewa da tambaya: wa ya gani, wa ya ba da umarni? Ranar da aka bar wa na'ura ta duba taro daga sama ta yanke da kanta, wa iyayen yara za su tambaya? Wanda ya ƙera ta zai ce ba shi ya harba ba, wanda ya saya zai ce ba shi ya zaɓa ba. Ita kuwa amsarta ita ce ta John Henry. Tambayar da Sarah ta tsaya a kanta da bindiga a hannu, ko a kashe mutum bisa zaton abin da zai aikata, ita ce ake amsawa kullum a ɗakunan da ake sarrafa waɗannan jirage.

Shi ya sa nake ganin raguwar haƙurin kallo ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya saba ja gaba duk lokacin da aka fara tambayar halacci, in aka zo yi masa bayanin makamin gaske ma ja gaba zai yi. Ya ga saƙago ya kashe mutum sau dubu yana dariya, idonsa ya bushe. Ga kuma yaro a gefe yana leƙen wayar, yana lura da inda babansa ke tafi da inda yake tsaki.

Ban ce a daina kallo ba, ban kuma ce kowane shiri ya cancanci lokacinka ba. Wasu sharar ce zalla, wasu kuma, irin Westworld, akwai tsiraicin da bai dace a kunna su a tsakar gida ba. Amma ɗan'uwa, in ka zaɓi ka kalla, ka kalla da hankalinka. Ka ɗauke yatsa daga gilashi in mutum biyu suka zauna magana. In an gama ka tambayi abokin kallonka wa ke da gaskiya, ku yi gardama. Ku masu fassara, ku fassara abin da aka faɗa, jama'a za su iya ɗauka. Malamai da 'yan jarida da 'yan majalisa kuma, ku nemi sanin matsayin ƙasashenmu a kan yarjejeniyar hana waɗannan makamai, ku faɗa wa mutane da Hausa.