RAWANIN SORO DA FENTIN ƊAKI

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:8, Matiyu 18:1-6

A watan Disamban bara na kai ziyara gidan wani ɗan'uwa a Zangon Paraku. Na iske shi yana kankare tsohon fentin ƙofa da taga domin shirin Kirsimati. Ƙura ta cika ɗakin, ɗansa mai shekara biyu kuwa yana zaune a ƙasa, yana tsintar ɓawon fentin yana kaiwa baki. Uban yana ƙaunar ɗansa ƙwarai, amma bai san abin da ke cikin ƙurar ba.

Ya mai karatu, yawancin tsohon fentin mai, musamman rawaya da ja, akan sa masa dalma domin ya yi haske, ya bushe da wuri. In ya tsufa sai ya zama ƙura. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro a hankali, ba zazzaɓi, ba kuka, har sai ya shiga makaranta ya kasa fahimta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ce dalma tana cutarwa. Saboda haka Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje a 1978, Kamaru kuma ta kafa dokarta a 2017, cewa dalma kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Amma tun kafin gwamnatoci su farka, Allah ya riga ya yi magana. Ya umarci Isra'ilawa cewa duk mai gina sabon gida ya kewaye bisan soronsa da rawani, don kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ka lura, bai ce a jira sai wani ya faɗi ba. A wurin Allah, mai gida ne mai tsaron ran duk wanda ke ƙarƙashin rufinsa. Yesu kuma ya ja kunne da ƙarfi game da mai sa ƙanƙanin yaro tuntuɓe.

To, ina rawanin gidanka? In kana sayen fenti a kasuwar Arzeke ko a Jugu, ka duba gwangwanin, ka nemi wanda aka rubuta ba dalma, ko da ya fi tsada da 'yan sefa. Kada ka kankare tsohon fenti a bushe yara suna kusa. A goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannun yara kafin abinci. In kai mai shago ne ko mai shafa fenti, ka faɗi gaskiya ko da jami'i bai zo ba. Dattawan ikilisiya, ku duba ɗakin makarantar Lahadi.

Addu'a: Ya Uba, 'ya'yanmu amanarka ce. Ka buɗe idanunmu mu ga hatsarin da ke ɓoye a gidajenmu, ka ba mu zuciyar gyarawa. Cikin sunan Yesu, Amin.